Allurar Ranar Litinin

Idan ana lissafin mutanen da aka yi wa wannan zamani baiwa da su, a sa Injiniya a layin farko, a kuma bar masa fili hagu da dama saboda jakarsa. Makarantu da yawa suna da kwamfuta, amma makarantar da ke ƙarshen layin nan, bayan gidan mai, ita kaɗai ce ke da mutumin da kwamfuta ke jin tsoro. Shi da kansa ya faɗa, kuma har yau ba mu ji wata kwamfuta ta fito ta ƙaryata shi ba.

'Yan hassada za su ce maka shekara biyu da suka wuce Injiniya mai kula da sito ne, yana raba alli da tsintsiya. Za su ƙara da cewa ƙanwar Shugabar makarantar yake aure. Duka gaskiya ne, amma me ya kawo wannan magana? Abin da ya kamata a sani shi ne an tura shi kwas na kwana tara, ya halarci shida, ya dawo da ilimin da sito ba zai iya ɗauka ba. Ya dawo da tabarau wanda ba na magani ba, da jaka mai zif bakwai, da burushin fenti na kaɗe ƙura, da kuma sunan Injiniya, wanda babu mai iya tuna ranar da aka raɗa masa. A bayan idonsa malamai suna ce masa Malam Wanke, don duk cutar da ta kama kwamfuta maganinta ɗaya ne a wurinsa: a wanke ta tas, a sake daga farko.

Kwamfuta shida ce a makarantar, amma shi biyar yake ƙirgawa. Ɗaya a ofishin Shugaba, ɗaya a ɗakin buga takardu, uku a ɗakin malamai. Ta shidan tsohuwa ce mai ƙaton ƙeya, tana can cikin sito a kan wani tebur mai ƙafa uku da bulo. Tun da ya zama Injiniya bai sake taka ƙofar siton nan ba. Ya ce ƙura tana damun idonsa.

Babban abin da ya koyo a kwas shi ne rashin yarda, kuma a taron malamai na farko ya zazzage shi gaba ɗaya.

"Jama'a, ku buɗe kunne, don abin da zan faɗa ba a kowane kwas ake koyar da shi ba. Kwamfuta jaririya ce. Ba a ba ta abin da aka tsinto a titi. Wannan ɗan abin da kuke ratayawa a jikin makulli, filashi, ya shiga kwamfutar mai hoto, ya shiga ta surukinka, ya shiga ta wanda ba ka san asalinsa ba, sannan ka kawo shi nan ka soka wa marasa lafiyata? Daga yau na haramta. Ni ba na yarda da kowa. Manhaja ko da kwat da nektai ta zo, sai na tambaye ta gidan ubanta."

Maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa aka tafa. Da an san inda tafin zai kai mutane, da an tafa a hankali.

Washegari ya zo da gwangwanin biskit, an huda murfinsa an sa masa kwaɗo. Ya sa masa suna Kurkuku. Duk filashin da ya gani a hannun malami, ko a kan tebur, ko yana leƙowa daga aljihu, sai ya ƙwace ya jefa ciki. Kowane fursuna da takardarsa a manne: lamba, da mai shi, da ranar kamu, da laifi. Wani laifinsa ba shi da murfi. Wani an same shi a aljihun baya cikin yanayi na tuhuma. Wani kuma launinsa ne bai kwanta wa Injiniya ba. Fursuna na goma sha bakwai ma abin yanke farce ne na malamin lissafi, wanda ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe, amma aka ce masa bincike bai kammala ba.

Rashin yardar bai tsaya a kan filashi ba. Duk lokacin da kwamfuta ta roƙi a sabunta ta, sai Injiniya ya ɗaga gira ya ce, "Wa ya aiko ki? Me za su zuba miki a ciki?" Sai ya danna "anjima". Shekara biyu ke nan ana anjima.

To, mutum mai irin wannan tsantseni, wace manhaja ce ta isa ta shiga zuciyarsa? Guda ɗaya tak, kuma ta cancanta. Wata rana da hantsi yana yawo a intanet, sai wani shafi ya faɗo masa da fitilu ja da kore suna walƙiya. Shafin ya sanar da shi cewa kwamfutarsa tana cikin mummunan haɗari, amma kada ya damu, domin a cikin mutum miliyan ɗaya shi aka zaɓa saboda kaifin idonsa. Za a ba shi manhajar tsaro kyauta, wadda gwanaye kaɗai ake ba. Injiniya ya gyara tabarau. A karo na farko a rayuwarsa ya haɗu da manhajar da ta san mutane. Bai tambaye ta gidan ubanta ba. Ita ce ma ta tambaye shi sunansa, ta buga masa takardar shaida mai taurari uku, ya kai aka sa mata gilashi ya rataye a bango.

Mai gadin da ke zuwa a cikin kwamfutar tun daga kamfani ya yi ta ƙorafi, yana fito da gargaɗi cewa wannan baƙuwa ba ta da gaskiya. Injiniya ya kashe shi a duk kwamfutocin biyar. Ya ce hassada ce, kuma shi ya san hassada idan ya gan ta.

Ya sayi filashi mai ruwan zinare ya zuba baƙuwar a ciki, ya sa masa igiya mai faɗi ya rataya a wuya. Wannan filashin ba filashi ba ne, a cewarsa. Allura ce. Duk ranar Litinin da ƙarfe takwas sai ya zaga marasa lafiyarsa. Ya kaɗe ƙura da burushi, ya kara kunne a jikin akwatin ya yi shiru kamar mai jin bugun zuciya, sannan ya sunkuya ya soka Allura ba tare da ya cire ta daga wuya ba, ya danna "na yarda" sau uku. Manhajar ta yi ta juya wani koren da'ira, ta sanar cewa ta kama ƙwayoyin cuta dubu uku da ɗari huɗu da goma sha biyu, ta kuma hallaka su. Kowane mako adadin ke nan, a kowace kwamfuta.

"Kun gani?" in ji Injiniya. "Ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Na tsare su."

Gaskiya ne kwamfutocin sun zama masu nawa. Ka kunna ɗaya, ka je ka sha shayi, ka gaisa da maigadi, ka dawo tana miƙa. Gaskiya ne tallar maganin sanƙo da na rage tumbi suna faɗowa a tsakiyar tambayoyin jarrabawa. Gaskiya ne lokaci-lokaci fayil yakan ɓace. Amma duk ranar da aka yi ɓata, Injiniya yakan zaga ya kama sabon fursuna, a samu wanda za a ɗora wa laifi, hankalin kowa ya kwanta ban da mai filashin.

Wadda take buga takardun da ake manna wa fursunonin nan ita ce Anti Tafireta. Shekararta ashirin da ɗaya a ɗakin buga takardu. Ta fara da tafireta mai ƙararrawa, sunan ya bi ta har bayan da aka kai tafiretar sito. Mace ce mara yawan magana, mai saurin yatsu, 'ya'yanta biyu suna karatu a makarantar saboda tana aiki a cikinta. A ƙarshen kowane zango ita ke shigar da makin yara ɗari shida, darasi goma sha biyu kowanne, ta fitar da katin sakamako. Aikin mako uku ne cur, idan wuta ta yi kirki.

Anti Tafireta tana da laifi ɗaya da take ɓoyewa a cikin gidan tabaraunta. Wani ɗan baƙin filashi ne. Tun ranar da wasiƙu goma sha ɗaya suka ɓace mata a wuni guda, ta ɗauki al'adar kwafe aikinta a cikinsa kafin ta tashi. Ba ta san sunan abin da take yi a ilimance ba. Ita dai tun zamanin tafireta ba ta taɓa buga takarda ba tare da kabon a ƙasa ba.

Ranar Alhamis, saura mako ɗaya a rufe makaranta, ta gama aji goma sha uku cikin goma sha biyar. Ta soka ɗan baƙin filashinta ke nan, sai inuwar jaka mai zif bakwai ta faɗo a kan teburinta.

"Malama! Ke? Ke da kike buga takardun masu laifi da hannunki?"

Ta ba shi haƙuri, ta ce aikin yara ne a ciki. Ya ce duk masu laifi haka suke cewa. Ya sa ta buga wa filashinta takarda da kanta, lamba arba'in da ɗaya, laifi: cin amana daga cikin gida. Ta buga, don ba ta iya musu ba, amma ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta yi kuskuren harafi biyu, abin da rabonta da shi an daɗe.

Juma'a ta ƙarasa aji biyun da suka rage, babu kabon a ƙasa. Litinin da ƙarfe takwas aka yi wa kwamfutarta Allura. Da ƙarfe goma ta buɗe foldar sakamako ta tarar da ita wayam. Ta rufe ta sake buɗewa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Babu aji ɗaya, babu yaro ɗaya, sai tallar maganin sanƙo tana mata murmushi daga gefe.

Injiniya ya zo da sauri irin na wanda ya daɗe yana jiran a kira shi. Ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Abin da nake gudu ke nan. Fursuna na arba'in da ɗaya ya bar mana tsaraba kafin a kama shi. Cutar ta kai ɓargo. Gobe da safe za a yi wanka."

Ranar Talata aka yi wankan, kuma duk wanda bai gani ba ya yi asara. Injiniya ya sa aka sauke labule, aka kashe fanka don kada iska ta tsoma baki. Ya gayyaci malaman da ba su da aji su tsaya a bango su ƙaru. Ya naɗe hannun riga. Kwamfutar ta fito da tambaya cewa duk abin da ke cikinta zai goge, shin ya tabbata?

"Ku ji ta fa," in ji shi yana dariya. "Ni take tambaya ko na tabbata!"

Anti Tafireta ta yi ta maza ta ce, "Injiniya, da ka ɗan dakata a duba, ko suna nan ciki wani wuri."

"Malama, idan ana tiyata, dangin mara lafiya a waje suke tsayawa."

Ya danna. Mako uku na yatsun Anti Tafireta suka bi ruwa.

Sai aka shiga ɗora babbar manhaja sabuwa. Kwamfutar ta tambaye shi ƙasar da take, ya zaɓi wata mai nisa don ya ji an ce agogonsu ya fi daidai, shi ya sa da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ta ce biyar na yamma ta yi. Ta tambayi irin madannai, ya zaɓi wanda sunansa ya fi tsawo, shi ya sa idan ka danna wani harafi sai maƙwabcinsa ya fito. Ta tambayi sunan da za a sa mata, ya rubuta Injiniya Ɗaya. Ta nemi kalmar sirri, ya rubuta yana karantawa da ƙarfi don na baya su ji. Sannan ya harɗe hannu ya tsare layin da ke cika a kan allo da ido, ya ce idan ya kau da kai tsayawa yake yi. Awa biyu bai zauna ba. Ko maƙiyinsa ya yarda mutumin yana da juriya.

Da kwamfutar ta farka, fes, mai sauri kamar ba ita ba, abu na farko da ya yi shi ne ya kashe mai gadinta, ya sunkuya ya soka mata Allura. Koren da'ira ya juya. A cikin kwamfutar da ba ta yi minti goma da haihuwa ba, aka kama ƙwayoyin cuta dubu uku da ɗari huɗu da goma sha biyu. Kafin a tashi, mai maganin sanƙo ya dawo.

"Kun ga zurfin abin da ta kawo mana?" in ji Injiniya. "Har wanka bai fitar da shi ba."

Ya rubuta rahoto shafi huɗu, kuma Anti Tafireta ce ta buga, da madannai masu musanya haruffa. Shugaba ta kira ta ofis. Shugaba mace ce mai adalci idan ta fahimci magana, amma ta kwamfuta ba ta fahimta, kuma mijin ƙanwarta yana tsaye a gefe da takardar shaida mai taurari uku.

"Anti, ni ban san kwamfuta ba, amma na san iyayen yara. Jibi Alhamis za su cika harabar nan. An kafa doka kin karya, ga abin da ya biyo baya. Idan babu kati ranar Alhamis, ba ni da bakin da zan kare ki a gaban masu makaranta. Sai dai ki yi haƙuri ki ajiye makulli."

Anti Tafireta ta ce, "Ranki ya daɗe, aji goma sha uku suna cikin filashina. A ba ni shi na awa ɗaya."

"A saki mai laifin da ya yi kisa don ya zo ya yi ta'aziyya?" in ji Injiniya. "Yaya, wato ranki ya daɗe, idan filashin nan ya sake taɓa kwamfuta a makarantar nan, ni na cire hannuna."

Shugaba ta ji tsoron ranar da za a wayi gari babu hannun Injiniya. Ta ce a bar filashin a gwangwani.

Anti Tafireta ta fito ba ta ganin gabanta sosai. Shekara ashirin da ɗaya, da yara biyu da za a ce su kwashe littattafansu. Ba ta son malamai su ga fuskarta, sai ta shige sito, don nan ne kaɗai ta tabbata Injiniya ba zai biyo ta ba. Ta zauna kusa da tsohuwar tafiretarta ta share hawaye. Da ta gaji da zama, hannunta ya kai kan tsohuwar kwamfutar nan mai ƙaton ƙeya, wadda sabon mai sito yake rubuta lissafin alli da ita. Ta kunna, don yatsunta ba su saba zama haka kawai ba.

Kafin ta gyara zama kwamfutar ta buɗe. Babu mai sanƙo, babu mai tumbi. Fayilolin mai sito suna jere tun na bara, ko ɗaya bai yi ƙafa ba. A jikinta kuwa ga filashin mai sito a soke, ja, mara murfi, irin wanda laifinsa ya isa ɗaurin rai da rai.

Ta daɗe tana kallon filashin nan. Wannan kwamfuta ta ci abin titi ta ƙoshi, ga ta garau. Abu ɗaya ne kawai ba ta taɓa samu ba a rayuwarta: Allura. Sai Anti Tafireta ta fara lissafi da yatsu. Wasiƙunta goma sha ɗaya ranar Litinin suka ɓace. Tambayoyin malamin kimiyya, Litinin. Jadawalin jarrabawa, Litinin ce bayan hutu. Ta miƙe ta kaɗe zanenta.

Ba ta gaya wa Shugaba abin da ta gano ba, don ta san wanda ke auren ƙanwar wa. Cewa ta yi, tunda korarta za a yi, tana roƙon alfarma ɗaya: a kira mai gyaran nan ta tsallaken titi, wadda ke duba musu firinta, ta gwada filashin a kan tata kwamfutar, ba ta makaranta ba. Idan an samu cuta, ita da kanta za ta ajiye makulli ba sai an jira Alhamis ba.

Injiniya ya yi farin ciki da wannan shawara fiye da kowa. Ya ce ba ɗaya za a gwada ba, duka arba'in da ɗaya za a gurfanar, a gaban kowa, don masu gunaguni su ga irin bala'in da ya tare musu shekara biyu.

Laraba da safe aka jera kujeru a ɗakin malamai. Mai gyara ta zo da kwamfutarta ta hannu a cikin wata tsohuwar jaka mai zif ɗaya, shi ma ya lalace. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da tabarau, ba ta da burushi. Injiniya ya dube ta da tausayi, ya ajiye Kurkuku a tsakiyar tebur, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yau ranar hisabi ce. Abin da ke cikin gwangwanin nan, da na bar shi ya yi yawo, da yanzu ko ƙararrawar makarantar nan ba ta kaɗawa. Ban nemi godiya ba. Mu masu wannan fanni mun saba aiki a ɓoye. Malama mai gyara, ki yi a hankali, kuma in kin ga abin da ya fi ƙarfinki kada ki ji kunya, ina nan."

Ta ce to. Ta soka na farko, ta jira, ta ce, "Lafiya lau." Ta soka na biyu. Lafiya lau. Na uku hotunan jikokin malamar Hausa ne, su ma lafiya lau. Da aka zo na goma sha bakwai ta juya shi a hannu, ta ce wannan kam farce yake yankewa, malamin lissafi ya taso ya karɓi kayansa yana duban kowa ɗaya bayan ɗaya. A na ashirin Injiniya ya ce manyan suna ƙasa. A na talatin ya ce cutar tana da wayo, ta san ana nemanta. A na arba'in ya cire tabarau ya goge.

Na arba'in da ɗaya, mai cin amana daga cikin gida, ya buɗe da aji goma sha uku a jere, kowane yaro da makinsa. Anti Tafireta ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Aji biyu aikin wuni ɗaya ne, kuma takardunsu suna cikin durowarta.

A nan wani zai yi shiru ya nemi ƙofa. Amma Injiniya ba wani ba ne, kuma karamcinsa ne ya ƙarasa shi.

"To, na'urarki ba ta gani ba, ba laifinki ba ne, ƙaramar na'ura ce. Amma ba zan bari ki fita da kwamfutar da ta taɓa masu laifi arba'in ba tare da rigakafi ba. Matso da ita. Kyauta zan yi miki."

Kafin ta buɗe baki ya sunkuya, igiya a wuya, ya soka Allura.

Kwamfutar da ta haɗiye filashi arba'in ba ta yi tari ba ta saki wata ƙara, allon ya yi ja. Mai gyara ta karanta abin da ya fito, ta dubi filashin zinare, ta bi igiyar da ido har zuwa wuyan da take rataye.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan. Manhajar bogi ce. Ba ta kama komai, lambar da take nunawa a jikinta aka rubuta. Talla take jawowa, ta ɓoye wa mutum fayil don ya tsorata. Kuma irin wannan ba ta tafiya da ƙafarta. Sai an ɗauke ta an kai ta, an kashe mai gadi, an danna mata 'na yarda'."

Shugaba ta ce, "Ɓoyewa kika ce? Ba gogewa ba?"

"Ɓoyewa kawai, ranki ya daɗe. Minti biyar ya isa a fito da su. Sai dai in an riga an wanke kwamfutar."

Babu wanda ya ce Malam Wanke. Ba a buƙata ba. Ana jin ƙaramar ƙarar abin yanke farce daga kujerar malamin lissafi.

Injiniya yana nan a sunkuye, don igiyar ba ta da tsawon da zai miƙe. Daga nan ƙasa ya yi jawabinsa na ƙarshe.

"Alhamdu lillahi. Tarkona ya kama. Shekara biyu ina riƙe da babban mai laifin a wuyana don kada ya kuɓuce, ina jiran ranar da zan samu shaidu."

Shugaba ta miƙa hannu. Ba da muryar ofis ta yi magana ba, da muryar gida ta yi, wadda ya sani tun ranar da ya je neman ƙanwarta. "Ciro shi."

Ya ciro. Ta jefa a gwangwani ta danna kwaɗo, ta miƙa wa Anti Tafireta makullin, ta ce a buga masa takarda kamar kowa. Anti Tafireta ta buga lamba arba'in da biyu da ranar kamu. Da ta zo wurin laifi sai ta ga ba ta da abin da ya fi na makon jiya dacewa, ta kwafe shi harafi da harafi, ba kuskure ko ɗaya.

Ranar Alhamis iyaye suka karɓi kati ɗari shida, babu wanda ya san an yi wani abu. Mai gyara ta tashi masu gadin kwamfutocin daga barcin shekara biyu, ta danna "sabunta yanzu", ta mayar da agogon kwamfutar Anti Tafireta ƙasarsu.

Injiniya kuwa ba a kore shi ba, don ƙanwar Shugaba tana da baki. An dai yi masa canjin aiki zuwa wani sashe da aka ce yana buƙatar gogaggen mutum. Igiyar tana nan a wuyansa, mai faɗi, mai sheƙi, sai dai yanzu makullin sito ne a jikinta. An ja masa kunne cewa tsohuwar kwamfutar da ke kan bulo, kallo kawai. Duk baƙon da ya zo karɓar alli sai ya tsayar da shi ya nuna masa takarda mai taurari uku, ya shaida masa cewa tun ranar da aka cire filashin nan daga wuyansa, babu kwamfutar da ta sake ciwon kai a makarantar nan.

A duk abin da ya faɗa tun da ya dawo daga kwas, wannan ne kaɗai ba a samu mai musu ba.